Farin Kaftanin Josiah

Tun ranar da Mama Elizabeth ta sauka a Kuala Lumpur, akwai jaka guda da ba ta yarda kowa ya taɓa mata ba. 'Yarta Kezia ta san abin da ke ciki, domin a yammacin farko tsohuwar ta buɗe ta nuna mata. Farin kaftani ne na shadda da wandonsa da hula, an goge su an ninke cikin leda. Telan Kagoro da ya saba yi wa ɗanta Josiah ɗinki tun yana sakandare shi ya ɗinka, bai kuma nemi awo ba, ya ce tsawon yaron yana cikin kansa.

"Ni zan sa masa da hannuna," in ji Mama. "Matarsa baƙuwa ce, ba ta san yadda ake shirya namiji ba. Ki gaya musu kada kowa ya rufe akwatin gawar kafin in iso."

Kezia ta ce to. Ta tashi ta shiga kicin, ta buɗe famfo, ta tsaya tana kallon ruwan yana zuba ba tare da ta wanke komai ba.

Josiah yayan Kezia ne, su biyu kaɗai suka rayu cikin 'ya'yan da Mama ta haifa. Karatun injiniya ya kai shi Japan, aiki kuma ya riƙe shi a Kyoto, tsohon birnin sarakunan ƙasar. A can ya auri wata mace mai suna Chiharu, suka haifi 'ya guda, Mio, wadda ko makaranta ba ta isa shiga ba. Mama ba ta taɓa ganin matar ko yarinyar ido da ido ba, sai ta waya. Wata safiya yana kan kekensa zai tafi aiki zuciyarsa ta tsaya. Kezia, wadda take koyarwa a wata kwaleji a unguwar Setapak ta Kuala Lumpur, ita ce ta fi kusa, saboda haka ta hau jirgi washegari. Ta tarar da shi kwance cikin furanni kamar mai barci. Ba a jima ba aka ƙone gawar, kamar yadda ake yi wa kusan kowa a wannan ƙasa, kuma Kezia tana tsaye a wurin.

Wannan ne abin da ba ta gaya wa mahaifiyarta ba. Ba ta zauna ta shirya ƙarya ba. A waya ta ce, "Surukai sun sa ranar da za a kai shi kabari, suna so ki zo," kuma gaskiya ta faɗa, domin a ranar ce za a kai ƙasusuwansa kabarin dangin Chiharu da ke harabar wani tsohon wurin ibada. Amma Mama ta ji maganar da kunnen Kagoro. A can, in Kirista ya rasu, ana ajiye shi a mutuware mako da makonni har dangi na nesa su hallara, sannan a yi masa wanka, a sa masa tufafinsa, kowa ya zo ya ga fuskarsa. Da Mama ta ji an jinkirta rana, sai ta ce surukan nan mutanen kirki ne, sun san uwa tana nesa. Ta sami takardunta a Abuja, ta biyo ta Malaysia domin ta huta wajen 'yarta su ƙarasa tare.

Kezia ta yi niyyar faɗa mata. Ranar Lahadi ma ta kusa faɗa. Suna dawowa daga sujada cikin motar haya ta unguwar Sentul, sai suka tarar da jerin mutane suna tafe a hankali bayan wata mota da aka lulluɓe da furanni, ana kaɗa ganguna, ana watsa ganyen fure a kan titi. Mama ta tambaya ko biki ne.

"Gawa ce, Mama. Mabiya addinin Hindu ne. Akwai wurin ƙona gawa a nan gaba, can za su kai ta." Kezia ta faɗi haka a hankali, tana satar kallon fuskar tsohuwar.

"Ƙonawa? Kamar shara?" Mama ta kama haɓa. "Mutumin da zai cinna wa ɗan'uwansa wuta, ni ko ruwan gidansa ba zan sha ba. Ranar tashin matattu me zai tashi?"

Daga nan Kezia ta fasa faɗa mata. Ta san mahaifiyarta. Mama ta taɓa ɗauke ƙafa daga gidan ƙanenta na tsawon shekaru saboda maganar da ba ta kai wannan ba. In ta ji yanzu, ba za ta hau jirgin Japan ba, ba za ta sake ɗaga wayar Chiharu ba, Mio kuma za ta girma ba ta san ko mutum ɗaya daga dangin ubanta ba sai gwaggo guda. Sai Kezia ta yanke shawarar cewa in sun isa, in Mama ta riga ta ɗauki yarinyar a cinyarta, sannan za ta faɗa. Kullum tana jin cewa shawarar ba ta da kyau, kullum kuma ba ta da wata.

Mama ce da kanta ta nemi a koya mata ladabin mutanen can. Ta ce ba za ta je gidan surukai ta kunyata ɗanta ba, alhali ba ya da bakin da zai kare ta. A hawan da ke ƙasa da nasu akwai wata Bakanuwa mai suna Saudatu, ɗalibar digiri na uku, wadda bincikenta ya taɓa zaunar da ita a Kyoto wata da watanni. Ta shaƙu da Mama tun ranar da ta hawo yi musu ta'aziyya da kwanon funkaso. Ita ta ce ta san wani ɗan gidan abincin Japan na halal kusa da tafkin Titiwangsa, inda ake zama a ƙasa kamar yadda ake yi a can, su je su gwada. Kezia ta ɗauka maganar takalmi da gaisuwa ce kawai, ba ta ga abin tsoro ba.

Sun isa da azahar, hadari yana haɗuwa a bayan dogayen gine-gine. Tun daga bakin ƙofa Saudatu ta fara darasi.

"Mama, abu na farko takalmi. Mutanen nan sun fi masallaci tsanani. Nan za ki cire, ki juya kansa ya kalli waje. Za su ba ki silifa na cikin gida. In za ki shiga banɗaki akwai wani silifan daban, can yake zaune, kada ki kuskura ki fito da shi. Ni na taɓa fitowa da shi har gaban farfesana da matarsa. Babu wanda ya ce uffan, kowa sai kallon ƙafata yake kamar na tako wani abu."

Mama ta yi dariya, dariyarta ta farko da Kezia ta ji tun zuwanta. "'Yar Kano, ashe ku ma kuna jin kunya?"

"Kai, Mama! Mu muka kawo kunya duniya."

"To ina kuka ajiye ta da kuka zo?"

Suka zauna kan matasai a gaban wani gajeren tebur. Saudatu ta nuna yadda ake rusunawa, hannaye a kan cinya, baya a miƙe. Mama ta ce wannan ba sabon abu ba ne, su har ƙasa suke durƙusa wa surukai. Saudatu ta ce ba a rungumar mutum, ba a dafa shi, ba a ɗaga murya a cikin bas, ba a cin abu ana tafiya a hanya.

"Ashe Bakano ba zai kwana biyu a garin ba," in ji Mama.

"Na kwana, Mama, amma na rame. Kuma mutanen Kyoto ba sa faɗin magana kai tsaye. In kika daɗe a gidan mutum, ba zai ce ki tashi ba. Sai ya ce, kai, agogon nan naki yana da kyau. Nufinsa ki duba shi."

"Kawuna na Zonkwa haka yake. Shi sai ya fara tambayar lafiyar kajin gidanka."

Saudatu ta juya wajen Kezia. "Anti Kezia, in an gama komai don Allah ki fita da ita ta ga gari, ko zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Yanzu ne lokacin da ganyen bishiyoyi ke komawa ja. Akwai wani gini da aka shafe da zinariya, yana tsaye a bakin tafki, in ruwan ya kwanta sai ki ga gini biyu. Ku je da sassafe kafin baƙi su cika wurin. Akwai kuma tsofaffin lunguna na gidajen katako. In kun ga mata sun shafa fari fat a fuska suna sauri cikin tufafin gargajiya, kada ku tare musu hanya, kada ku ɗauke su hoto, aiki za su. Sannan akwai dutsen da aka jera wa jajayen ƙofofi tun daga gindi har sama."

"Yawon buɗe ido bai kai ni ba," in ji Mama. "Amma ƙofofin nan na san su. Josiah ya taɓa turo mini hoto yana tsaye a cikinsu da yarinyar a wuyansa. In na gama shirya shi, zan je in tsaya inda ya tsaya."

Saudatu ta ɗan ɗaga ido jin kalmar shiryawa, amma abinci ya iso a daidai lokacin, maganar ta wuce. Shinkafa ce fara a ƙananan kwanoni, da gasasshen kifi, da romo, da ɗan ganye mai tsami. Ba cokali, sai tsinkayen cin abinci biyu-biyu a kan ɗan matashinsu na tangaran.

Saudatu ta kama hannun Mama ta jera mata yatsu. Na ƙasa ba ya motsi, na sama ne ke aiki. Tsinkayen suka gicce, suka zame, ɗaya ya faɗi a tabarma. Mama ta ce wanda ya ƙirƙiro wannan abu ba ya jin yunwa. Da yatsunta suka gaji sai ta soke su a tsaye cikin shinkafar domin ta miƙe hannu. Saudatu ta yi wuf ta zare su.

"A'a, Mama, wannan kam babba ne. Haka ake ajiye wa mamaci shinkafa. In kin gaji, ki kwantar da su a kan matashinsu."

Kezia ta tsoma baki. Ta ce da sauri romon zai huce, su sha. Mama ba ta kula ba, hankalinta yana kan kifin. Ta sake gwadawa, ta sake, har ta samu ta ɓanto tsoka mai kyau daga bayan kifin, ta ɗaga ta sama tana rawa a bakin tsinkayen amma ba ta faɗi ba. Fuskarta ta washe. Sai ta yi abin da ta saba yi tun 'ya'yanta suna ƙanana, wato ta ba ɗa tsokar da ta fi kyau. Ta miƙa hannu ta tsallake teburin.

"Karɓi, Kezia. Kama da naki."

Kezia tana riƙe da nata tsinkayen. Ta ga farin abin yana tahowa wajenta a bakin itace biyu, sai ɗakin nan na wurin ƙona gawa a Kyoto ya dawo mata gaba ɗaya, da zafin da ke tashi daga farantin ƙarfe, da hannun Chiharu kusa da nata. Ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi. Tsinkayenta suka zube a kan tebur.

Mama ta tsaya da hannu a miƙe. "Abincin hannuna kike gudu?"

Saudatu ta ga uwa ta ji haushi, sai ta shiga tsakani da kyakkyawar niyya.

"Mama, kada ki ga laifinta, gaskiyarta ce. Wannan ya fi na shinkafar muni. Ba a miƙa abinci daga tsinke zuwa tsinke, domin a wuri ɗaya kawai ake yin haka. In an ƙone mamaci, dangi ne suke tsaye su tsince ƙasusuwan da tsinkaye, mutum biyu su kama ƙashi ɗaya su sa a tulu. Shi ya sa ba sa son gani a kan abinci. Anti Kezia ta sani, ai ita ta je na Yaya Josiah."

Tsokar kifin ta faɗi cikin romo.

"Ta je na wa?" in ji Mama.

Saudatu ta dubi Mama, ta dubi Kezia, sai ta sa hannu ta rufe bakinta. "Innalillahi," ta ce a hankali.

Mama ba ta ɗaga murya ba. Ta haɗa tsinkayenta ta kwantar da su a kan matashinsu, daidai yadda aka koya mata. Sannan ta juya ga 'yarta.

"Kezia, ina ɗana yake yanzu?"

"Yana gidan Chiharu, Mama."

"A gida. Ba a mutuware ba."

"A'a."

"A cikin me?"

Da ƙyar Kezia ta ce, "Cikin ɗan farin tulu."

Mama ta dafa tebur ta miƙe. Ta je bakin ƙofa, ta sa takalminta da ke kallon waje, ta fita ta tsaya ƙarƙashin rumfa, ruwan sama yana feso mata a zane. Ma'aikaciyar gidan ta zo tana tambaya ko a ɗaure musu abincin su tafi da shi. A cikin mota Saudatu ta yi ta cewa, "Mama, ki yafe mini, wallahi na ɗauka kin sani." Mama ta ce mata, "Ke ba ki yi komai ba, ɗiyata."

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Kezia ta dafa tuwon masara da miyar kuka, abin da Mama ta fi so, ta ajiye a bakin ƙofar, ya huce a nan. Sai da la'asar ta yi sanyi, ruwa ya tsagaita, sannan ƙofar ta buɗe. Mama tana zaune a bakin gado, jakar nan tana gefenta.

"Zauna. Ki faɗa mini duka. Kada ki rage mini komai, kin rage ya isa."

Kezia ta zauna a ƙasa ta faɗa. Ta ce a ƙasar babu filin binne mutum da jikinsa sai ƙalilan, nesa da birnin. Ta ce Chiharu ta tambaye ta tana kuka ko danginsa za su yarda, ita kuma ta ce to, domin ba ta ga wata hanya ba, kuma ta ji tsoron kiran Kagoro. Ta ce an yi masa addu'a, wani fasto ɗan ƙasar ya zo. Ta ce bayan an gama an kira su wani ɗaki, an ba kowa dogayen tsinkaye. Daga ƙafa aka fara, ana hawa sama har kai, domin ya kasance a tsaye cikin tulun, kada a kifa shi.

"Wa ya kama tare da ke?"

"Chiharu."

"Yarinyar fa?"

"Tana wurin. Kakarta ta wajen uwa ta riƙe mata hannu ta ɗauki ɗan ƙarami."

Mama ta rufe ido. "Kun tsince shi duka?"

Kezia ta ji ƙaryar ta taso mata har maƙogwaro, mai sauƙi, kalma ɗaya. Ta haɗiye ta.

"A'a, Mama. A birnin ba a kwashe duka. Tulun ƙarami ne. Ana ɗaukar kaɗan daga kowane sashe na jiki, sauran ma'aikatan wurin su binne tare da na sauran mutane."

Wani sauti ya fita daga ƙirjin tsohuwar wanda ba kuka ba ne. Ta dubi hannun Kezia na dama, ta daɗe tana dubansa.

"Da hannun nan kika tuƙa mini tuwo tun da na zo."

"Mama..."

"Na tsaya a gaban mata a majami'a na ce zan je in rufe wa ɗana ido. Na sa tsoho ya kwana yana ɗinki. Kina kallona na buɗe jakar nan, kika ce mini to." Ta girgiza kai. "Ba zan je ba. Ki nemo mini jirgin gida. Su riƙe abin da suka rage."

"Mio fa, Mama? Kullum sai ta tambayi uwarta yaushe kakarta baƙa za ta zo."

"Kada ki sa mini yarinya a gaba. Da ita kika yi niyyar ɗaure ni, ko ba haka ba? Ki bari sai na ɗauke ta sannan ki faɗa."

Kezia ta sunkuyar da kai, domin haka ne. Ta ga abin da ta yi ta gudu ya riga ya faru, kuma ita ta share masa hanya. Saura magana ɗaya da ta ɓoye, ba ta kuma san ko faɗinta zai gyara ko zai ƙara ɓatawa ba. Amma an ce kada ta rage komai.

"Akwai saura guda. A kabarinsu ba a sa tulun. Ana juye ƙasusuwan cikin 'yar jakar farin ƙyalle na auduga, a kwantar da ita a kan ƙasa tsura, domin ƙyallen ya ruɓe, mutum ya koma ƙasa. Mace ce ta gida take ɗinka jakar da hannu. Uwar Chiharu ta ce za ta ɗinka, Chiharu ta ce a'a, yana da uwa. Ta roƙe ni in tambaye ki ko za ki yarda. Har yanzu ba a ɗinka ba, ke suke jira. Na ce mata zan tambaya. Ban tambaya ba."

Mama ta ce, "Fita."

Kezia ta fita. Ta ɗauke tuwon daga bakin ƙofa ta zubar.

Da safe, rana ta ɗan ɗaga, tana haɗa shayi a kicin tana tunanin yadda za ta gaya wa Chiharu cewa mutum ɗaya ne zai zo, sai ta ji ƙarar buɗe aljihun tebur inda take ajiye almakashi da zare. Ta leƙo falo. Mama tana durƙushe a ƙasa, ta shimfiɗa farin kaftanin a kan tabarma. Tsawonsa ya kai daga ƙafar kujera har kusa da ƙofar baranda, hannayensa a buɗe. Idanun tsohuwar sun kumbura.

"Zo ki nuna mini girmansa," ta ce, ba tare da ta ɗago ba.

Kezia ta ajiye kofin shayin kusa da ita, ta durƙusa. Ta ware tafukanta a kan shaddar, tsakaninsu bai wuce faɗin ƙaramin mudu ba. Mama ta dubi ɗan filin da ke tsakanin hannayen, ta dubi sauran kaftanin da ya miƙe ya wuce su ta kowane gefe.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Mama."

"Yaron da sai ya sunkuya yake shiga ɗakina."

Ta ture hannayen Kezia gefe, ba da ƙarfi ba. Ta zaɓi wajen ƙirji, ƙasa da aikin wuya, inda ƙyallen yake fili babu ado, ta sa almakashi. Sabuwar shadda ce, tana ƙara in ana yanka ta. Ta fitar da ƙyalle biyu daidai da juna, ta haɗa bakinsu, ta zura zare a allura a gwaji na farko. Kaftanin ya rage da rami a tsakiyarsa. Ta ninke shi haka nan tare da wandon da hular, ta mayar cikin leda.

"Wannan zan koma da shi Kagoro, a haƙa masa rami kusa da kabarin uban Josiah. Mutane su ce abin da za su ce."

Kezia ta yi ƙarfin hali ta tambaya, "Za ki je ke nan?"

"Wa zai kai jakar? Ke?" Mama ta soka allura, ta ja zare. "Ki kira matar ki ce mata uwarsa tana ɗinki. Ki ce zan cire takalmi, zan rusuna, ba zan ɗaga murya ba. Duk abin da 'yar Kano ta faɗa na riƙe."

"Bayan kabarin akwai cin abinci a gidansu, Mama. Za ki ci?"

Allurar ta tsaya. Shayin da Kezia ta kawo yana nan a gefe, ya fara yin fata a sama, Mama ba ta ko dube shi ba.

"Zan ci, saboda yarinyar tana kallo," ta ce. Ta ci gaba da ɗinki. "Amma ki gaya musu tun yanzu, ni a ba ni cokali."